Golan Jajaye a Ramin Shuɗɗa

Wenzu maƙeri ne a wani ƙauyen Malta, kuma shi ne gola, wato mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon Jajaye. A ƙauyen nan gadon launi ake yi, ko Ja ko Shuɗi. Ƙwallo daban, jam'iyya daban, har wanzami kowa da nasa. Tun da Wenzu ya yi wayo bai taɓa taka kulob ɗin Shuɗɗa ba.

A 1942 jiragen yaƙi suka sa tsibirin a gaba, ga teku ta ko'ina, babu wajen gudu. Ramin ɓuya ɗaya ne a unguwar, shi ma a ƙarƙashin kulob ɗin Shuɗɗa yake. In jiniya ta yi kuka, Wenzu sai ya raɓe a bangon coci, wai gara ya mutu a waje.

Ranar da bam ya tashi da maƙerarsa, matarsa ta finciko shi cikin ramin da wuyan riga.

Karmnu, mai ci wa Shuɗɗa ƙwallo, ya matsa masa wuri. "Gola, zauna. Wannan ƙwallon da ke faɗowa daga sama kam ba ka iya tare ta."

Wenzu ya nemi bangon da zai juya wa fuska. Duk sun shafe su da shuɗin fenti.