Mai Cizon Dutse a Zauro

Tun hantsi Inna Mubina, mai ginin tukwane, take kallon wani baƙo daga bakin ramin da take ɗibar yumɓu a Zauro. Dogo ne siriri, da kwat a wannan zafin, takalminsa na ƙyalli kamar mai zuwa ɗaurin aure. An ce sabuwar jiha ce ta turo shi daga Birnin Kebbi ya duba inda za a haƙa musu rijiyar burtsatse.

Yana tsugune yana ƙwanƙwasa gefen ramin da 'yar guduma. Ya ɓallo wani dutse toka-toka, ya shafa, sai ga shi ya kai baki ya ciza, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Allah sarki uwarsa, in ji Mubina a ranta, ko gona nawa ta sayar don ɗanta ya koyo cin ƙasa?

"Ɗana, yunwa kaka ji?"

"Aiki ne, Inna. Ba tsakuwa a haƙori, ke nan dutsen laka ne. Ruwa ba ya ratsa shi."

"Mun sani. Rijiya ukku mazanmu sunka gina wurin ga, ba ko ɗigo. Gindin giginyar can ruwa yake."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa yara. "Sai an kai Kaduna an auna tukuna."

Ya naɗe dutsen a hankici, ya ajiye shi a kujerar gaba ta motarsa, motar ta tashi da shi. Mubina ta ɗauki tulu, ta nufi gulbi da ƙafa.