Faifan da Ke Ɗauke da Muryar Baba

Ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe, kwana uku kafin sadakar arba'in ɗin Baba, muna shagon ɗora waƙoƙi a Mayahi: ni, da yayana, da mai shagon.

Damina uku na yi ina ɗaukar muryar Baba a garinmu, Attantane. Mahaƙin rijiya ne. Ya faɗa mini kowace rijiya da ya haƙa, da gaba nawa ya yi kafin ya tarar da ruwa. Na tace sautin a kan kwamfutar Mak ta gidan rediyon da nake aiki a Tasawa, na adana a faifai guda. Da gidan rediyon ya karɓe na'urar, faifan ne kawai ya rage.

Yaya yana son a sa wa 'yan'uwa muryar a katin waya.

Kowace na'ura da yadda take tsara faifai, da inda take rubuta cewa abu kaza yana wuri kaza. Tsarin Mak, kwamfuta mai Windows irin ta shagon nan ba ta karanta shi. Idan aka jona mata irin wannan faifai, sai ta ce a share shi a sake tsarawa. Na san wannan. Na taɓa yin shiri a kansa.

Gwaggo ta hango ni daga bakin hanya, na ajiye faifan a gaban mai shagon na fita gaishe ta. Gaisuwar rasuwa ba a gaggauta ta.

Da na dawo, mai shagon yana murmushi.

"Malama, faifanki ya ƙi buɗewa, ƙwayar cuta ce. Na wanke shi. Haka muke yi wa kowane kati."

"Ka wanke?"

"Tas. Kuma ban bar miki shi wayam ba, ina zuba miki wa'azi da karatu. Kyauta."

Yaya ya ce, "To yanzu sai ka sa mana Baba."

Da wankewar kaɗai ce, da an ceto kusan komai, don jerin sunayen kawai ke gogewa. Kyautar ce ta hau kan muryar ta shafe ta. Na zare igiyar faifan daga kwamfutar. Yaya ya dube ni, ya cire hularsa, ya mayar.

A Maradi wani mai gyara ya yi kwana biyu a kan faifan. Ya samo daƙiƙa arba'in: Baba yana tari, yana cewa a kori akuya daga kan tabarma.