Ranar da Motata Ta Mutu a Bakin Shingen Sojoji

Shekarun baya, lokacin da rikici ya yi zafi a Maiduguri har aka ɗauke mana layin waya, ina da wata tsohuwar mota ja. Idan na kunna ta da safe a unguwarmu Bolori, mutanen Dala da ke can nesa sukan san na fito. Amma duk tsufanta, murɗa makulli ɗaya take tashi, kuma na cika baki da hakan a majalisa har abokaina suka fara yi mata addu'ar lalacewa don su huta da ni.

Wata Laraba na kai mahaifiyata asibiti a duba mata gwiwa. Layi ya yi tsawo, ba mu fito ba sai bayan la'asar, ga shi dokar hana fita ƙarfe shida take farawa. Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan motar jirgi ce, fukafukai kawai ta rasa." Ba ta ko kalle ni ba.

A hanyarmu ta gida akwai shingen sojoji: buhunan yashi, durom-durom, da katako mai ƙusoshi. Kowa ya san ƙa'ida. Ka tsaya nesa sai an yafito ka, ka kashe mota, ka fito hannu sama, fasinja su taka da ƙafa su tsallake. Hajiya ta dogara sandarta ta tsallaka, ta sami wani dutse a gindin dogon yaro ta zauna. Wani soja matashi ya buɗe but ɗin bayan mota, ya leƙa ciki, ya ja kujeru gaba da baya, ya zura sanda ƙarƙashinsu. Sannan ya yi mini alama da hannu in wuce.

Na shiga, na murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kawo tar, amma injin ko tari bai yi ba. Na sake murɗawa. Shiru.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wancan lokacin, idan mota ta tsaya cik a bakin shinge ta ƙi motsi, ba wanda yake tunanin batir. An sha ganin motar da aka bari a irin wannan wuri ta tashi da mutane. Na duba madubi, sai na ga motocin da ke layi sun fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Wata mai gyaɗa ta ɗauki farantinta ta yi gaba, ko gammonta ba ta tsaya ɗauka ba.

Shugaban sojojin wani saje ne mai furfura a gemu, yana jin Hausa sosai. Bai matso ba, daga inda yake ya ɗaga murya.

"Malam, me kake jira? Shayi za a kawo maka?"

"Yallaɓai, ta ɗan yi gardama ne. Yanzun nan za ta tashi."

Ya dubi agogonsa. "Minti goma. In ba ta bar nan ba, ita ta zama tamu, kai ma ka zama namu. Sai ka yi bayani a can."

Ba wanda bai san me "a can" take nufi ba. Wanda aka tafi da shi don 'yan tambayoyi, iyalinsa kan daɗe suna leƙen ƙofa. Ga ba waya balle in kira bakanike.

Na nemi izini na buɗe bonet. Ni dai abin da na sani a cikin inji bai wuce wurin zuba ruwa ba, amma na tsaya ina kallonsa ina gyaɗa kai kamar ni na ƙera shi. Allah ya taimake ni, motar da ke bayana ta wani ɗan kasuwa ce ɗan ƙabilar Ibo, mai shagon kayan mota wajen Kasuwar Kwastam, na sha zuwa wurinsa ina cika masa baki cewa motata jirgi ce. An tare shi ta baya, ba halin juyawa. Ya roƙi saje, ya taho hannuwansa a sama, ya gaishe ni da Barbarci.

"Alhaji, wushe. Yau kuma jirgin ne ya sauka?"

"Taimaka mini, ka yi dariyar gobe."

Ya girgiza kan batir, ya ce a ɗaure yake. Ya ce in gwada ƙarfin wutar mu gani. Ni kuma da wayona, maimakon in kunna fitila, sai na danna hon. Ƙarar ta cika wurin nan. Na ji ƙarar bindiga ana ɗana ta a bayan buhunan yashi, wata irin ƙara ƙarama wadda har yau kunnena bai manta ba. Ɗan kasuwar ya daskare hannu a sama.

"Alhaji," ya ce a hankali, haƙoransa a haɗe, "batir lafiya lau. Don Allah kar ka sake gwadawa."

Ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa kik, wato abin da ke juya inji idan an murɗa makulli, ya ce in murɗa. Shiru. Ya zaro fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su sama yana dubawa, duk lafiya. Gumi ya jiƙa mini riga har zuwa wando, da an matse ni a ranar da an cika randa. Saje ya ce saura minti huɗu.

"Sai turi," in ji ɗan kasuwar. Ya kira wasu mutum biyu da suka rasa hanyar gudu, suka kama bayan motar. Na sa giya ta biyu, na taka kuloci, suka tura, na saki. Ta yi tsalle kamar akuya, ta tsaya. Aka sake. Haka dai.

A turi na uku ne na lura da wani abu. Ni gajere ne, ban taɓa musu ba, amma ban taɓa miƙa ƙafa ina neman kuloci da ɗan yatsa a motata ba. Kujerar ta ja baya. Sojan da ya yi bincike ne ya ja ta, ya kuma zura sanda ƙarƙashinta. Nan take na tuna.

Kwana takwas kafin ranar, bayan an ƙwace motar wani maƙwabcina da bindiga, na kai tawa wurin mai gyaran wayoyin mota ya sa mini ɓoyayyen maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba. Idan an danna shi, fitilu za su kawo amma injin ba zai tashi ba, ko da makulli ko da turi. Ya ce kar in gaya wa kowa, ko matata. Tun da nake ban taɓa riƙe sirri ba sai wannan, na riƙe shi har na ɓoye wa kaina. Sau ɗaya na taɓa gwada shi, ranar da aka sa, don sunkuyawa da wannan tumbin nawa aiki ne. Ashe sandar sojan ce ta danna shi.

Daɗi ya kama ni, hannuna ya nufi ƙarƙashin kujera. Ɗan kasuwar ya cafke mini wuyan hannu ta taga.

"Ina za ka kai shi?"

Na raɗa masa. Ina kallo fuskarsa ta canza.

"Maɓalli. A ɓoye. Da waya ja da baƙa, an naɗe da baƙin tef?"

"Ai ka san aikin."

"Alhaji, ɗaga kanka ka kalli can."

Na ɗaga. Bakin bindiga biyu na kallon ƙirjina. Sai a lokacin na ga abin yadda su za su gan shi: mutum ya tsayar da mota a tsakiyarsu, ya tara jama'a, yanzu kuma yana lallaɓa hannu ƙarƙashin kujera yana neman abin dannawa.

"Da baki za ka fara," ya ce. "Hannu daga baya." Ya sake ni, ya ja da baya taku biyar. Ban ga laifinsa ba, da ni ne da na yi hamsin.

Na fito hannu sama, na yi wa saje bayani. Ni da nake iya riƙe majalisa awa uku da labarin banza, ranar maganata sai tuntuɓe take yi. Ya bar ni na gama. Ya ce in durƙusa a kan kwalta. Ya sa matashin sojan ya leƙa daga nesa, shi kuma ya dawo ya tabbatar: akwai wayoyi, akwai maɓalli.

"Kowa ya ja baya," in ji saje. Sannan ya dube ni. "Duk wanda muka taɓa kamawa yana da labari mai daɗi kamar naka."

"Yallaɓai, bari in danna ka gani da idonka."

"In ga me? Lahira?" Ya girgiza kai. "Ba mai taɓa motar nan sai masu duba bam sun zo gobe. Kai kuma tashi, za ka bi mu."

A gaskiya ban ji haushinsa ba. Idonsa ja ne kamar wanda ya yi mako bai runtsa ba, kuma na ga shi ma tsoro yake ji, nasa dai yana sanye da kaki ne. Na fara lissafa 'ya'yana a zuci, na ga ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan kwalta. Sandar Hajiya ce. Ta taso daga kan dutsenta ta nufo motar. Wani soja ya daka mata tsawa ta tsaya. Ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba, tafiyarta ta mai ciwon gwiwa take yi. Ta buɗe ƙofar gaba, ta shigar da ƙafa ɗaya da hannu, ta shigar da ɗayar, ta gyara mayafi, ta ja ƙofa ta rufe.

"Mama, fito daga nan," in ji saje.

"Ƙafata ta gaji, ɗan nan."

"Mama, kin san abin da ke ƙarƙashin kujerar nan?"

"Na san wanda ya durƙusa a gabanka. Ɗana ne. Ɗan farina. Ni na haife shi, ni na goya shi. Shekara arba'in da wani abu ko kaza ban taɓa ganin ya yanka ba, maƙwabta yake kai wa. Surutu ne kawai aikinsa. Ka ce ya zo ya danna abinsa, ga ni a ciki."

"In kuma ƙarya yake yi?"

"To ku koma bayan buhunanku. Mu biyu ne za mu sani."

Ku gane, Hajiya mutuniyar da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wannan" take ce mini, ko "kai". Idan baƙo ya tambaye ta ko ni ɗanta ne, sai ta ce ɗan gidan nan ne. Ranar ne na fara jin kalmar "ɗana" daga bakinta, ina durƙushe a kan titi, gwiwoyina suna ƙonewa.

Saje ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya ja mutanensa bayan buhuna, ya ce, "Tashi. A hankali. Hannu ɗaya a sama inda zan gan shi."

Taku goma ne tsakanina da motar, amma na yi tafiyar Kano. Na tsuguna a bakin ƙofa, hannun hagu a sama, na dama yana laluben ƙarƙashin kujera. Wallahi har ni kaina na fara shakka, na ce anya mai gyaran wayar nan mutumin kirki ne? Hajiya tana kallon gaba, ba ta juyo ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yi bismilla ka danna, magariba ta kusa."

Na yi bismilla, na danna. Ƙyas. Na miƙa hannu na murɗa makulli, jar motar ta tashi kamar ba ita ce ta so kashe ni ba.

Saje ya fito yana goge fuska da hula. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe da safe ka cire abin nan. In na sake ganin ka da shi, ko kakarka ka ɗauko ba zan saurara ba. Mama, Allah ya ƙara lafiya." Na juya in yi wa ɗan kasuwar godiya, sai na ga har ya shige motarsa yana yi mini alama da hannu biyu in ba shi hanya.

Mun shiga layinmu saura minti kaɗan shida ta cika. Washegari tun kafin in karya na kai aka cire maɓallin. Na ce ɓarayi su zo su ɗauka, ni zan zuba musu mai.

Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kuma abokaina sun ce kullum sojojin ƙaruwa suke yi. Sun fara da shida, bara sun kai arba'in har da tankar yaƙi. Ban musa ba. Amma idan na zo wurin Hajiya ba na ƙara ko kalma ɗaya, na rasa abin da zan ƙara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta san komai game da wayoyin nan ba, ban taɓa gaya mata ba. Kan abin da ta sani game da ni kawai ta shiga ta zauna, ni da kowa ya sani da ƙarin gishiri.

Ta rayu shekaru bayan haka, Allah ya jiƙanta, kuma ba ta sake ce mini "ɗana" ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, ina matsa mata gwiwa da man zafi, na ce, "Hajiya, ranar nan me ya sa kika shiga motar?"

Ta ɗauke kai ta kalli bango. Ta ce, "In sun tafi da kai, wa zai kai ni gida da wannan ƙafar? Matsa nan, ba nan ba."

Na matsa inda ta ce.