Baba Koriya da Tagar Sunday

Kuma kar ka fara ce mini mahaukaci ne, don ni kaɗai ke da ikon faɗin haka. Ni ya zane da wayar fanka, ba kai ba. Tabon yana nan a cinyata har yau, ba dai zan nuna maka ba.

Sunansa Nathan, yayan mamata ne. Ni Kawu nake ce masa, amma duk unguwarmu Trikania in ka ce Nathan ba wanda zai gane, sai ka ce Baba Koriya. Gajere ne, mai kaurin hannu, ba ya dariya sai in shi ya ba da labarin. Tun da mamata ta rasu nake wurinsa, a gidan haya mai ɗaki tara, famfo ɗaya, bayi ɗaya. Sunana Debby, kitso nake yi a tsakar gida.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wa wani injiniya ɗan Koriya aiki a wani kamfani a Kakuri. Shi ne kuku, shi ne direba, shi ne mai guga. Mista Yun sunan ogan. Sau ɗaya ya tafi da Kawu ƙasarsu lokacin sanyi, wata biyu kacal. Wata biyun nan har yau muna shan wahalarsu.

Da yamma in mutanen gida sun fito shan iska sai ya fara.

"Can ba sa ɗumama iska, ƙasa suke ɗumamawa. Wuta na bi ta ƙarƙashin daɓe. Ka kwanta a ƙasa kamar ka hau bayan uwarka."

"Wato suna gasa kansu kamar masara," in ji Sunday, mai walda, wanda ɗakinsa ke kallon namu.

"Kuma ƙanƙara na zuba, amma da safe matar gida za ta buɗe taga duka, minti goma. Ta ce iskar jiya ta mutu, a fitar da gawarta."

"Su ɗumama ɗaki, su kuma buɗe taga? Baba, waɗannan su ne masu wayon naka?"

"Mista Yun ma a nan Kaduna yana kunna esi mai sanyaya ɗaki ya buɗe taga kaɗan."

"Shi ya sa kamfanin ya rufe ai."

Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Ni ma gani nake mutanen nan ba su san abin da suke so ba. Sanyi kuke so ko zafi? Ku zaɓi ɗaya mana.

Amma babbar dokarsa ita ce ta fanka. Wai fanka a ɗakin da aka rufe taga da ƙofa tana kashe mutum. Tana cinye iskar, ka kwanta lafiya, ka farka a lahira. Mista Yun ne ya faɗa masa, kuma wai shi ya sa fankarsu ke da agogo, tana kashe kanta da kanta. Ya ma zo da guda ɗaya, 'yar ƙarama fara. Ta daɗe da lalacewa, amma tana kan akwatinsa, duk Asabar sai ya goge ta.

Matarsa, Anti Celina, a kan dokar nan ta tafi. Sauro ya cinye ta, ɓarayi suka zura sanda ta taga suka kwashe mata zannuwa, ta ce ko a rufe taga ko ta tafi. Ya riƙe mata jaka har tasha.

Ni kuma ina shekara sha shida na rufe taga wata rana saboda warin kwata, na kunna fanka na kwanta. Ban ji shigowarsa ba, ƙarar ƙofa kawai na ji, ya doke ta da ƙafa sakatar ta fita. Ya fizge wayar fankar daga bango, ya naɗe ta biyu, ya fara zuba mini. Ina ihu, yana cewa, "Kina so ki mutu? Zo in kashe ki da kaina, gara in san ni na yi." Na kama hannunsa na gartsa masa cizo sai da na ji gishirin jini a bakina. Ya wurgar da ni jikin bango. Bayan nan ya zauna bakin gado, jini na ɗiga daga hannunsa, ya ce, "Uwarki ta bar mini ke." Na ce masa da ta sani da ta bar wa kare ni. Sati biyu ba mu yi magana ba.

To, ga Sunday. Ƙato ne, kafaɗarsa cike take da ƙofa. Matarsa Miriam, mai sanyin hali, da jaririyarsu Faith, wata bakwai. Sunday ya samo tsohon esi wurin wani kwastoma ya gyara ya kafa. Don kar sanyin ya gudu sai ya bi ɗakin ya toshe ko'ina. Ya liƙe gilashin taga da leda da salatif, ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, har 'yar hudar da ke saman bango ya buga mata falanki.

Kawu ya tsaya yana kallo ya ce, "Kabari kake gina wa iyalinka."

"Baba, je ka sha maganinka."

Washegari Kawu ya je ya yage ledar. Sunday ya mayar. Kawu ya sake yagewa. Karo na uku Sunday ya kama shi a bakin tagar, Miriam na ciki tana canja kaya. Ya shaƙe wuyan rigarsa, ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa na lilo, ya kai shi waje ya danna kansa cikin kwata a gaban kowa. Kawu ya taso da baƙin ruwa a fuska, ya rarumi bulo ya jefa, ya fasa wa Sunday goshi. Sai da maza huɗu suka raba su.

Sunday na share jini ya ce, "Tsohon banza, leƙen matata kake yi. Ka sake taɓa tagar nan, wallahi gawarka za a ɗauka."

Kunya ta kama ni. Kwastomomina suna tambaya ko gaskiya ne kawuna na leƙen mata. A coci ma sai da aka yi ta kallona. Na ce masa, "Kawu, don Allah ka bar mutane su mutu in suna so." Bai ko kalle ni ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, watan Afirilu, wajen ƙarfe biyu na rana. Zafi irin wanda ko kaza ba ta yawo. An ɗauke wuta tun safe. Abin da ba mu sani ba, satin da ya wuce an sace wa Sunday janareta a bakin ƙofa, sai ya samo wani ya ce wannan ba zai kwana waje ba. Ya shigar da shi ɗan lungun da Miriam ke ajiye tukwane, a cikin ɗakin, ya ja labule. Janaretan ba ya ɗaukar esi, fanka kawai. Ya kunna musu, ya ja ƙofa, ya tafi shagonsa a bakin layi. Miriam ta sa sakata ta kwanta da yarinya.

Ina yi wa wata kitso a inuwa. Kawu ya fito zai je famfo, sai ya tsaya. Ya je ya manna ido a jikin ledar tagar. Na ce a raina, yau kuma. Ya ƙwanƙwasa.

"Miriam. 'Yata, kashe fankar nan."

Shiru.

"Maman Faith."

Ya buga da tafin hannu, ya buga da ƙafa. Ko kukan jaririya babu. Ya juyo, ya wuce ta gabana, ya ɗauki taɓaryar maƙwabciyarmu a jikin turmi. Bugu ɗaya gilashin tagar ya tarwatse. Akwai ƙarfe a tagar, ba hanyar shiga, sai ya koma kan ƙofa.

A nan ne na miƙe. Ban je wurinsa ba. Na ruga bakin get na buɗe baki iya ƙarfina, na ce, "Sunday, ka zo, Kawu ya sake haukacewa, yana fasa maka ɗaki." Ni na faɗa. Ka riƙe wannan.

Sunday ya taho a guje da rodi a hannu, ƙanensa da wasu maza biyu na shagon suna bin sa. Kafin su iso ƙofar ta ɓalle. Abin da suka tarar shi ne Kawu yana jan Miriam a ƙasa ta hammata, zaninta ya kwance, kanta na reto. Ba wanda ya tambayi komai.

Rodin farko a kafaɗa ya same shi, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Bai saki Miriam ba sai da ya fito da ita tsakar gida. Na biyu a fuska. Ya faɗi. Suka rufe shi, ƙafa, falanki, wani da kujerar da nake kitso a kai. Mutanen layi suka cika gidan, wani na cewa ɓarawo ne, wata na cewa fyaɗe ne, wani ma ya ce a kawo taya. Kawu bai kare kansa ba. Hannunsa ɗaya na nuna ɗakin, bakinsa cike da jini, yana cewa, "Yarinyar. Ku ɗauko yarinyar."

Sai lokacin na kalli Miriam. Duk hayaniyar nan, ana dukan mutum a gefen kanta, ba ta ko motsa ba. Kumfa a gefen bakinta.

Na kutsa. Ƙanen Sunday ya tare ni, na kafa masa tsinken kitso a hannu ya sake ni. Ina shiga ɗakin wari ya doke ni, kaina ya juya, idona ya fara ruwa. Fankar na ta juyawa abinta. Faith na kan katifa, na ɗaga ta, jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na fito na tura ta ƙirjin ubanta, rodin na hannunsa, na ce, "Ga 'yarka nan, shege. Ci gaba da dukan."

Rodin ya faɗi. Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba.

Malam Umar mai keken haya mai ƙafa uku ne ya kwashe su zuwa asibiti, Miriam da yarinya da Sunday. Kawu kuwa sai da keken ya dawo, yana kwance cikin jininsa, mutanen da suka dake shi duk sun sulale. Ni na riƙe kansa a cinyata, daidai kan tabon da ya yi mini.

Likita ya ce hayaƙin janareta ne, da an ƙara minti kaɗan da sai dai a binne su. Miriam ta farfaɗo da yamma. Faith sai da ta kwana biyu da roba a hanci, amma ta tashi. Yanzu har gudu take yi tana zubar mini da man kitso.

Kawu ya rasa idon hagu. Haƙarƙari uku sun karye, hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Sunday ya zo asibiti ya durƙusa gaban gadon, ya ce, "Baba, ka yi mini duk abin da kake so." Kawu ya juyo da ido ɗayan ya ce, "Ka kashe fankar?"

Na ce, "Kawu, ba fanka ba ce. Likita ya ce janareta ne."

"Likitan ya taɓa zuwa Koriya?"

"Kai ma wata biyu ka yi."

"Taga a rufe?"

"A rufe."

"Fanka a kunne?"

"A kunne."

"To."

Ya juya wa bango fuska. Har yau a kan haka yake, kuma na daina musu da shi. Na tambayi wata nas, ta ce fanka ba ta kashe kowa, camfi ne kawai, ko a can ma yaran yanzu dariya suke yi wa iyayensu. Na yarda da ita. Amma ita da iliminta ba ta cikin gidanmu ranar, mu da muka san fanka ba ta kisa muna zaune muna kitso.

Sunday da kansa ya cire ledar, ya haɗa wa janaretan keji na ƙarfe a waje. Da safe yanzu in ka shigo gidanmu za ka ga taga tara a buɗe. Ba wanda ya ce don Baba Koriya ne, kowa cewa yake zafi ya yi yawa. Ni ce nake goge masa 'yar farar fankar duk Asabar, tunda hannunsa ba ya kaiwa kan akwatin. Bai taɓa tambaya wa ya kira Sunday ba. Ina jin ya sani, muryata ba ta ɓuya.

Na ga kana girgiza kai. To faɗa mini gaskiya, da kana tsakar gidan nan ranar, taɓarya za ka ɗauka ko rodi?