Furar Kakata da Ludayin Buzuwa

Na ga abubuwa da yawa a Fagge, na kuma manta da yawa, amma ranar da furar kakata ta tona mini asiri a tsakar gidana ba za ta fita daga raina ba sai an kai ni makwanci.

A shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka shigo gari, kowa ya rikice. Wanda jiya yake tura kura yau ya hau babur, 'yan mata sun fara yawo da wando mai faɗin ƙafa a Sabon Gari, rediyo na ihu a kowane shago. Ga shi fari ya kashe dabbobi can arewa, Buzaye suna ta gangarowa, mazan suna gadi, matan suna zaune a gindin bishiya da 'ya'ya. Ni ungozoma ce, ban taɓa zama a aji ba, amma ina da ido, kuma abin da na gani ba na haɗiye shi. Na ce baƙi za su cinye garin nan, su tafi da tarbiyyarmu. Ɗakin marigayiya mahaifiyata yana nan a kulle, masu neman haya suka yi ta sintiri, na ce muddin ina numfashi baƙo ba zai shimfiɗa tabarma a cikinsa ba.

Wadda ta fi kowa goya mini baya kuwa Baturiya ce. Idan haihuwa ta gagare ni nakan kai mace asibitin mishan a Sabon Gari, a can na saba da wata tsohuwar Sista 'yar ƙasar Ailan. Ta fi shekara ashirin a Kano, Hausa a bakinta tar. In kana so ka ga fuskarta ta yi jajir, ce mata 'yar Ingila, don mutanen ƙasarsu ba sa ga maciji da Turawan Ingila. Addininmu daban, ƙorafinmu ɗaya.

"Inna, mu ma tamu ƙasar ta lalace," in ji ta wata rana muna wanke hannu. "Na je hutu na tarar da talabijin a kowane gida, matasa ba sa zuwa coci. Shugabanninmu sun shiga ƙungiya da sauran ƙasashen Turai, gobe kowa ya kwaso kayansa ya sauka mana."

Na ce, "Ku rufe ƙofa tun da wuri, Sista. Mu mun makara."

Ban taɓa tsayawa na lura cewa baƙuwa nake kai wa ƙarar baƙi ba. Ita ma ba ta lura ba.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga 'yar motarta a ƙofar gidana. Ta shigo da wata Buzuwa doguwa, ƙashi da fata, rungume da jariri ɗan kwana uku. Raƙumansu sun mutu, mijin yana gadin wani kanti, a bakin kantin yake kwana, asibiti kuma na bukatar gadon. Sista ta ce ba ta san mai ɗaki a kulle ba sai ni, ba ta kuma san wadda ta iya wankan jego kamata ba.

Na ce, "Sista, ke ma? Ba ke ce mai rufe ƙofa ba?"

"Inna, kwana arba'in kawai. In kin ƙi, gindin bishiya za ta koma."

Na ce a'a, kuma har cikin raina a'a nake nufi. Sai dai a gidanmu ba a sallamar mai jego da busasshen maƙogwaro, ko da korarta za a yi. Na ce su zauna ta sha fura tukuna. Maƙwabciyata, Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda aka haifa a Fagge amma kullum nake tsokanarta da baƙuwa, ta leƙo ta samu kujera don kallo.

Furar gidanmu ba irin ta kasuwa ba ce. Da cuku da dabino ake daka geron, sannan a dama da ludayin itace baƙi mai zane a mariƙinsa, wanda na gada wurin kakata. Shekara da shekaru ina faɗa wa matan unguwa cewa wannan ce furar Kano ta asali, su ne suka ɓata ta da garaje.

Buzuwar ta kai ludayin baki, ta kurɓa, ta tsaya cak. Ta sake kurɓa. Sai hawaye. Da 'yar gurguwar Hausarta ta ce, "Inna, wa ya koya miki? Haka uwata take yi." Na ɗaga kai na ce wannan gadon Kanawa ne. Sai ta kwance ƙullin kayanta, wanda bai fi matashin kai ba, ta zaro ludayi ta ajiye kusa da nawa. Itacen ɗaya, lanƙwasar ɗaya, zanen nan mai kusurwa uku-uku ɗaya, kamar hannu ɗaya ya sassaƙa su.

Maƙwabciyata ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Yaya, ashe ke ce babbar baƙuwar! Ni dai na san garin kakana. Ke kuma a bayan raƙumi aka kawo kakarki!"

Na buɗe baki zan yi mata wankin babban bargo, sai kakata ta faɗo mini a rai. Doguwa ce, ba ta cika magana ba, shuni ba ya rabuwa da fatarta, kuma ban taɓa jin an ce yau za a je gidan iyayenta ba. Duk na gani tun ina yarinya, ni mai ido, amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Na ga Sista na murmushi, haushi ya kama ni, na juya kanta. Na ce, "Ke kuma shekara ashirin kina cin tuwonmu, kina tsoron wani ya ci dankalinku." Ta sunkuyar da kai, ta ce yunwa ta taɓa korar kakanninsu a jiragen ruwa zuwa ƙasashen mutane, kuma an rufe musu ƙofofi da yawa. Ga mu nan, tsofaffi biyu da suka sha kunya a gaban ludayi.

Na tashi na ɗauko makulli. Kwana arba'in ina dafa ruwan ganye safe da yamma, ina dama kunun kanwa, ina yi mata faɗa in ta yi wasa da wanka, kamar yadda zan yi wa 'yar cikina. Arba'in ɗin nan sai da ta zama shekara shida.

Kada wani ya ɗauka na sauya hali. Har yau ban yarda da wando a jikin mace ba, kuma har yau ina ganin gari sai da tsari. Amma tun daga ranar, duk sanda kalmar baƙo ta zo mini baki, sai na fara leƙa madafina in dubi ludayin kakata. Wanda zai kori mai neman mafaka, ya fara binciko wanda ya buɗe wa kakarsa ƙofa.