Shafin da Khalidu Bai Buɗe wa Kansa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da la'asar, Allah Ya karɓi ran Khalidu Amumun a cikin motar asibiti, kan hanyar Agadas, bai cika shekara arba'in da biyar ba. Da hantsin Litinin muna tare a ɗakin magani yana yi mini tsiya. Yau kwana tara, hankalina ya ƙi ɗauka. Ni ce Mero, shugabar masu jinya a ƙaramin asibitinmu na Arlit, kuma akwai abin da ya zama dole in faɗa.

Khalidu, ka zo mana ne bayan an rufe ramin ma'adinan da kake yi wa aikin ordinater, wato kwamfuta. Ni ce ta fara ƙin ka. Na ce shekara ashirin ina ba da magani da biro da idona, ba na bukatar wani akwati ya koya mini. Ka yi murmushi, ka ce, "Yaya Mero, ba idonki nake zargi ba. Karnen nan, littafin asibiti, shi nake zargi."

Gaskiyarka ce. Mutanenmu na daji littafin asibiti ɗaya suke riƙewa gida guda, wanda ya tashi zuwa gari shi zai sa a aljihu. Sai ka tarar da hawan jinin uba da zazzaɓin ɗa da awon cikin uwa duk a karne ɗaya, da suna ɗaya. Mun sha ba mutum maganin da ɗan'uwansa ne ya saba sha. Kai ka raba su, kowa da shafinsa a na'ura: hotonsa, cututtukansa, abin da yake sha, da abin da jikinsa ba ya so. Ka sa likita ya zauna ya lissafa maka magungunan da ba sa haɗuwa, in muka rubuta biyu daga cikinsu wa mutum ɗaya sai allon ya yi ja.

Hoton ne ya so ya gagara. Dattawan Abzin ba sa sauke amawali a gaban mata, mu kuwa kusan dukanmu mata ne. Sai ka rataya labule a lungu, ka ɗora shayi, ka yi ta hira da su da yarensu Tamajaq har su sauke don kansu. Tsoho Ismaghil sai da ya sha maka shayi zuwa uku kafin ya yarda. Wata biyu bayan haka aka kawo shi a sume, na ɗauko allurar da muka saba yi, allon ya yi ja: ta taɓa kumbura masa maƙogwaro. Yana nan da ransa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Ka hana mu naɗe wa mara lafiya ƙwayoyi a takarda ba suna. Ka yi faɗa da ni a kan haka fiye da sau goma. Amma mu ma'aikata tsakaninmu ba mu daina ba, don ba ma ɗaukar kanmu marasa lafiya. Ranar Juma'a ka ce bayanka na ciwo, na zuba maka maganin ciwon jiki a takarda, na ce ka sha sau uku a yini. Ba ka tambayi sunansa ba, ka ce, "Abin da ya fito daga hannunki ai ba a bincike."

Da aka shigo da kai Talata da safe kana aman jini, na buga sunanka a na'ura. Babu kai. Na sake bugawa. Mutum dubu huɗu da ɗoriya ka shigar, ba ka buɗe wa kanka shafi ba. Sai da matarka Zahra ta iso ta buɗe jakarka muka ga maganin tsinka jini, wanda wani direba ke kawo maka daga Aljeriya saboda ciwon zuciyar da ka ɓoye mana. Shi da abin da na ba ka suna cikin waɗanda allonka ke yi wa ja. Na tsaya riƙe da kwalin.

Likita ya ce ba zai iya rantsewa cewa shi ne sanadi ba. Na san ajali ba ya jinkiri. Amma na san abin da na naɗe a takardar nan, kuma na je na faɗa wa Zahra da bakina. Ta ce, "Shi ma zai ce laifinsa ne. Je ki rubuta kanki, Yaya." Washegari mu goma sha ɗaya muka yi layi a bayan labulenka don a buɗe wa kowannenmu shafinsa, ni ce a gaba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Zahra, da ƴaƴanka Lalla da Hashimu, da mahaifiyarka, da duk mutanen Arlit da ka tsare wa rai ba su sani ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Ya Allah Ka jiƙan Khalidu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane kuskuren da aikinsa ya hana ya zama nauyi a mizaninsa. Ni kuma ban samu na roƙe ka gafara kana da rai ba, Khalidu. Allah Ya haɗa mu a inda zan roƙa, ka ji.