Ƙofa ta Uku

Shekara ashirin da biyu Akawu ya yi a bakin ofishin hukuma yana buga wa mutane takardar koke, a kan tebur mai ƙafa uku da bulo ɗaya. Keken rubutu biyu ya kashe kafin ya sayi kwamfuta. Bai taɓa buɗe ƙamus ba, amma in dai sunan mutanen nan ne masu ƙona garuruwa da sunan addini, babu malamin da ya kama ƙafarsa wajen sanin ma'ana.

Ga karatun nasa. Ka rubuta 'yan bindiga, takardarka ta shiga ƙofa ta ɗaya ta yi barci. Ka rubuta 'yan ta'adda, ƙofa ta biyu ke nan, a zaunar da kai awa shida ana tambayarka inda ka san su. Amma masu tayar da ƙayar baya, wannan kai tsaye sai ƙofa ta uku, inda ake raba kwanon rufi. Takarda ɗari huɗu da sha ɗaya ya buga da sunan nan, tara kacal aka dawo da su.

Ranar rufe rajistar masu neman kwanon rufi sai ga gwaggonsa. An ƙona mata ɗaki biyu, ga damina ta kawo kai.

"Gwaggo, su wa zan ce sun ƙona?"

"Ɗan Mai Wanki ne, maƙwabciyata. Ni na goya shi."

"Babu ƙofar ɗan maƙwabciya a ginin nan."

"To rubuta ɗan banza."

"Da akwai wannan ƙofar, Gwaggo, da layinta ya kai kasuwa."

Ya karanta mata sunan ƙofa ta uku. Ta taɓe baki.

"Ni ashana na gani a hannunsa, ba ƙaya ba."

Akawu ya dubi agogo, saura minti arba'in. "Gaskiya kike so, ko rufi?"

Ta daɗe tana kallon hadari kafin ta miƙo babban yatsa, ya dangwala mata tawada.

A bencin ƙofa ta uku mutum sha bakwai ne har da Gwaggo. Ta sha shida Mai Wanki ce, ita ma gidanta ya ci wuta a ranar da aka ƙona na Gwaggo. Tana riƙe da takardar da Akawu ya buga mata da safe, sunan nan ne dai a layi na biyu.

Gwaggo ta zauna kusa da ita, ta gyara mayafi.

"Ke ma su ne?"

"Su ne, Yaya."